Yadda na tayar da kwamfuta 11 marasa had-dis da laftof ɗaya, lokacin da aka yanke mana sabis



Yau ba maganar waya na zo da ita ba, duk da dai da ita kuka san ni. Shekaranjiya wani ɗan uwa ya turo mini hoton sikirin ɗin kwamfutarsa, baƙi ƙirin, da ɗan farin rubutu a sama: PXE-E61: Media test failure, check cable. Ya ce, "Oga, ta mutu ke nan?" Ina ganin hoton sai na kama dariya ni kaɗai a shago, don wannan layin rubutun shi ya riƙe ni a lokacin da sana'ata ta tsaya cik. Gajeriyar amsar ita ce: kwamfutarka ta nemi had-dis ɗinta ba ta gani ba, shi ne ta leƙa ta ƙofar kebul ko wani zai miƙo mata abin da za ta tashi da shi, nan ma ba ta ga kowa ba. Doguwar amsar kuma sai kun ɗan yi haƙuri da ni, don da labari take tafe.

Ni mutumin Burkusuma ne, cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, har da mu da Isa. Zamfara ta riga mu shiga tun farkon watan. A cikin watan nan dai aka kai hari sansanin jami'an tsaro da ke garinmu. Ba zan tsaya a kan wannan ba, wanda ya sani ya sani. Danginmu suka kasu, wasu suka tsallaka ɓangaren Maraɗi, wasu suka dawo cikin garin Sabon Birni, inda ni dama nake zaune a shagon maigidana muna gyaran waya.

To ku faɗa mini, mai gyaran waya a garin da babu sabis, mi zai gyara? Waya ta koma tocila da rediyo. Wanda sikirin ɗinsa ya fashe sai ya ce bari dai a dawo da layi. Masu ƙarfin hali su nufi wajen iyaka da layin Nijar a aljihu su laluɓo sabis, su yi kira su dawo. Mu kuwa sai mu buɗe shago da safe, mu share, mu zauna muna kallon hanya har la'asar.

Ana cikin haka wani malaminmu na sakandare ya aiko a kira ni. Yana da ɗaki biyu a gefen gidansa da yake koya wa yara darasi da yamma. Tun kafin a rufe layi ya tara 'yan kuɗinsa ya sayo tsofaffin kwamfutoci na tebur guda 12 daga Kano, Dell OptiPlex masu Core 2 Duo, irin waɗanda ofisoshin Turai suka gama da su. Burinsa ɗaya ne. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma yaranmu da yawa ranar jarrabawar ce ranar farko da suke ɗora hannu a kan kibod. Yaro ya san amsa, amma hannunsa na rawa, lokaci na tafiya. Malam ya sha ganin wannan har ya gaji.

Matsalar ita ce ya same su da araha ne saboda babu had-dis a ciki ko ɗaya. Mai sayarwa bai ɓoye masa ba. Haka yawancinsu suke zuwa, don can inda aka yi aiki da su cire ma'ajiyar suke yi saboda bayanansu kada su fita. Malam ya yi niyyar saya daga baya a hankali, sai ga wannan hali ya zo, kuɗin suka tafi wajen ciyar da baƙin da suka cika masa gida.

Ya ce da ni, "Kai da kake tada matattun wayoyi, ka diba man waɗanga. In ka iya, ka tashe su."

Na ce, "Malam, waya daban, kwamfuta daban."

Ya ce, "Dut wuta ce ka shiga cikinsu."

Na kunna ɗaya. Ta yi ƙara, tambarin Dell ya fito, sai baƙin sikirin da wancan rubutun na PXE. Na kunna ta biyu, haka. Guda ɗaya ce ko fanka ba ta juya ba, wannan tun ranar muka cire ta daga lissafi. Ban san ma'anar rubutun ba, kuma babu Google da zan tambaya. Abin da na yi kawai na ɗauki hotonsa a wayata.

Bayan kamar sati biyu maigidana ya aike ni Sakkwato sayen kayan gyara, don cikin birni ba a rufe layi ba. Ta Goronyo muka bi, kowa a mota shiru, ba mai ko tari sai da muka fara hango gari. Malam ya ba ni abin da ya samu ya ce in tambayi kuɗin had-dis. Da na tambaya na lissafa sau 11, na san ko rabi ba za mu kai ba. Da dare a ɗakin ɗan wan babana, waya ta cika da sabis har tana zafi, sai na tuna da hoton nan. Na rubuta layin a Google. A nan na kwana.

Ga abin da na gano, kuma shi ne zuciyar maganar yau. PXE, ana furta shi "fiksi", wata 'yar manhaja ce da ke zaune cikin katin netwok na kwamfutar kanta, tun daga masana'anta. Kamfanin Intel ne ya tsara ta, kuma sigar 2.1 da aka fi sani tun 1999 ta fito. Aikinta shi ne ta ba kwamfuta damar tashi ba daga had-dis ba, ba daga filash ba, sai daga wata kwamfutar ta hanyar kebul. Wallahi ina karantawa sai na ji kamar an kunna mini fitila, domin mu masu gyaran waya kullum wannan muke yi ba mu sani ba. Idan aka kawo maka Tecno ko Infinix mai MediaTek da ta mutu murus, ka buɗe SP Flash Tool ka soka kebul, ai ba wayar ce ke tashi da kanta ba. Akwai wani ɗan abu can cikin cif ɗin da ba ya gogewa, shi ke sauraren kebul. Kwamfuta ta fara tura masa ƙaramin fayil ɗin nan na DA, shi kuma DA ya buɗe hanya babban fayil ya shiga. To haka PXE take, sai dai maimakon kebul ɗin caji, kebul ɗin netwok ne, kuma maimakon waya ɗaya, ɗaki guda za ka tayar a lokaci ɗaya.

Yadda na bayyana wa Malam daga baya shi ne da misalin baƙo, don a lokacin garin cike yake da su. Baƙo ya shigo gari da dare, bai san kowa ba, ba shi da masauki. Sai ya tsaya a dandali ya ɗaga murya ya yi sallama. Wannan sallamar ita ce abin da kwamfuta ke fara yi idan ta tashi, tana yi wa kowa da ke kan kebul kira. Mai amsa sallamar sunansa DHCP. Shi ne mai unguwa: ya ce ga ɗakin da za ka sauka, wato adireshin IP, sannan ya ce ka je gida kaza ka ce a ba ka abu kaza. Gidan da aka tura shi sunansa TFTP, kuma ba tuwo ake ba shi a nan ba, ɗan ruwa ne a moɗa, wato ƙaramin fayil na tashi. In ya sha ya dawo hayyacinsa, sai ya iya zuwa ya ɗauko babban akushi da kansa, wato dukkan tsarin aikin kwamfutar. Mai unguwar nan da gidan ruwan da gidan tuwon duk za su iya zama cikin kwamfuta ɗaya. Ita ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke. Ni na fi son na biyun.

Ku lura da kyau: a duk tafiyar nan babu inda intanet ya shigo. Babu MTN, babu Airtel, babu data. Mu a nan da an ce netwok sai hankalinmu ya tafi kan sandunan da ke saman sikirin ɗin waya. Alhali kwamfuta biyu da ka haɗa da igiya ɗaya a ɗaki sun zama netwok, ko da a tsakiyar daji ne.

Hanyoyin haɗa uwar garke suna da yawa. Ni wadda na ɗauka sunanta LTSP, kyauta ce, a kan Linux take aiki, tun 1999 ake amfani da ita, kuma makarantu da yawa a ƙasar Girka da ita suke tafiyar da ɗakunan kwamfutarsu. Abin da ya ja ni gare ta shi ne ba wai saka wa kwamfuta tsari take yi ta tafi ba, a'a, kullum daga uwar za su riƙa tashi, ba sa buƙatar had-dis har abada. Daidai ciwonmu.

Sai maganar wace kwamfuta ce za ta zama uwar. Babu wata sai laftof ɗina na filashin, HP EliteBook mai Core i5 da ram 8GB, wanda na yi shekara biyu ina tara kuɗinsa. Na daɗe ina juya abin a raina. A ƙarshe na cire had-dis ɗina mai Windows da duk kayan aikina, na naɗe shi a leda na sa a aljihun gaba, na sayi ƙaramin SSD mai 128GB da kuɗin Malam na saka. Sauran kuɗin na sayi tsohon suwic mai ƙofa 16, da nadin kebul, da kawunan RJ45, da abin matse su.

Ga wani abu da duk mai niyyar yi a wurin da babu sabis ya kamata ya riƙe: duk abin da za ka sauke, ka sauke shi tun kana inda intanet yake, kuma ka gwada a can. In ka koma gida ka tarar ka manta fayil ɗaya, to hanyar Goronyo ce a gabanka. Ni kwana uku na ƙara a Sakkwato saboda wannan. Na saka Ubuntu MATE 20.04 a laftof ɗin don ba shi da nauyi, na saka LibreOffice da manhajojin koyon buga kibod irin su Klavaro da Tux Typing, sannan na saka ltsp da abokan tafiyarsa: dnsmasq, wanda shi ne mai unguwa kuma shi ne gidan ruwa, da nfs-kernel-server mai raba babban akushi, da openssh-server, da squashfs-tools, da epoptes wanda ke ba malami damar ganin sikirin ɗin kowane yaro daga kujerarsa. Shafin LTSP ya jera su duka a layi ɗaya, kwafa kawai za ka yi.

Daga nan sai ka ba ƙofar kebul ta laftof ɗin adireshi tsayayye wanda ba ya canzawa, 192.168.67.1, domin shi LTSP ya tanada wa irin wannan haɗin da babu rawta a ciki. Sai umarni biyar, ɗaya bayan ɗaya:

sudo ltsp dnsmasq --proxy-dhcp=0
sudo ltsp image /
sudo ltsp ipxe
sudo ltsp nfs
sudo ltsp initrd

Na farko ya naɗa laftof ɗin mai unguwa. Na biyu shi ne mai cin lokaci, yana ɗaukar hoton duk abin da ke cikin laftof ɗin ya dunƙule shi fayil ɗaya, wanda shi sauran kwamfutocin za su ɗauka, don haka duk manhajar da ka saka a uwar za ta bayyana a wurin 'ya'yan. Na uku ya ajiye ɗan ruwan moɗar nan da jerin zaɓin da ke fitowa a farko. Na huɗu ya buɗe ƙofar rabo. Na biyar ya haɗa saituna da sunayen masu shiga. Biyu daga ciki za ka riƙa maimaitawa: in ka ƙara manhaja ka sake na biyu, in ka ƙara sunan sabon ɗalibi ka sake na biyar. Na manta wannan sau ɗaya, na yi awa biyu ina zargin kibod ɗin wata yarinya alhali sunanta ne bai isa wurin kwamfutar ba.

Na gwada a shagon wani abokina mai gyaran kwamfuta a Sakkwato da Dell ɗaya irin ta Malam. Muka cire mata had-dis, muka haɗa. Ta yi sallama, aka amsa, rubutu ya yi ta gudu, sai ga wurin saka suna ya fito. Abokin nawa da ya fi ni shekaru a harkar ya ce shi bai taɓa gwadawa ba. Na dawo gida ina jin kaina kamar wani injiniya.

Girman kan nan bai kwana biyu ba. A ɗakin Malam na haɗa 11, guda uku suka tashi.

Kashi na farko na laifin nawa ne, wajen matse kebul. Cikin kebul ɗin akwai siraran wayoyi takwas, kuma jerinsu ba a yi masa ganin dama. Ka riƙe kan RJ45 ɗin maƙallinsa na kallon ƙasa, daga hagu: fari mai ratsin lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ƙasa-ƙasa, ruwan ƙasa. Kai biyun duka iri ɗaya. Ni da na saba da aikin cif a ƙarƙashin madubi na raina abin, na yi shi da gaggawa da hasken tocila, huɗu suka fito a karkace. Duk inda ka ga E61 ɗin nan, kafin ka zargi komai ka dubi 'yar fitilar da ke jikin suwic daidai ƙofar da ka soka. In ba ta kama ba, kebul ne. Kada kuma tsawonsa ya wuce mita 100, ko da yake a ɗaki ɗaya wannan ba zai dame ka ba.

Kashi na biyu a BIOS yake. A Dell, kana kunnawa ka danna F2, ka nemi wurin katin netwok ka mayar da shi Enabled w/PXE, sannan ka ɗaga shi ya zama na farko a jerin tashi. In sau ɗaya kake so, F12 ya isa. Sababbin kwamfutoci masu UEFI kuma sai ka kashe Secure Boot. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na saita, duka suka tashi, Malam ya yi ta hamdala. Washegari muka tada inji, biyar suka koma gidan jiya. Na saita, suka tashi. Jibi kuma haka. Sai da na lura agogonsu kullum yana komawa shekarun baya, sannan na gane: ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allon ciki, CR2032, ya mutu, don haka da an ɗauke wuta sai su manta duk abin da aka gaya musu. A wurin mai gyaran agogo da wani mai sayar da sikeli muka tsinto guda biyar. Abin da ya hana ni barci kwana uku, kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba.

Wuta kuwa ita ce babbar wahala, don a lokacin an hana sayar da fetur a jarka. Awa biyu kacal Malam ke iya tada inji da yamma. A nan na ga amfanin uwar garke ta zama laftof: in inji ya shaƙe ya mutu, 'ya'yan duka su ɗauke, amma uwar na nan a kan batirinta, kuma tun da aikin kowane yaro a cikinta yake ajiye, abin da aka riga aka adana ba ya ɓata. Tsohon suwic ɗinmu mai gudun 100 ne, in aka kunna 11 a tare sai su yi ta jan ƙafa kamar an saki garke a ƙofa ɗaya, don haka muka koma kunna uku-uku. Mai hali ya sayi suwic mai gigabit, ko da ƙofar da ke zuwa uwar ce kawai. Kuma kowace 'ya a sa mata ram 2GB, guda biyu da muke da su masu 1GB sai da muka cire na matacciyar nan muka ƙara wa ɗaya, ɗayar kuma muka bar ta wa masu haƙuri.

Abu ɗaya ban ci nasara a kansa ba, gara in faɗa. Malam yana da wata manhajar gwajin JAMB a faifai, ta Windows ce, ta ƙi aiki a kan Linux duk dabarar da na yi. Ya ɗan ji ba daɗi. Amma da muka zauna muka duba, abin da yaran suka fi buƙata ba tambayoyin ba ne, waɗannan suna da su a takarda. Hannu ne ba su da shi. Su san ina A take, ina B, ina N ta gaba da P ta baya, su daina tsoron maus, su daina ɗaga hannu sama in sikirin ya canza. Wannan kuwa sun samu.

Yanzu ga inda abin ya so ya zama wani abu daban. Ina Sakkwato na ci karo da Kiwix, manhajar da ke ba ka damar sauke Wikipedia ka karanta babu intanet. Na sauke ta Hausa na ɗora a uwar, yadda kowane yaro zai buɗe burauza ya karanta. A ganina gwaninta na yi. Yara suka koma gida suna cewa a makarantar Malam akwai netwok, har Wikipedia suna buɗewa. Ku tuna lokacin da ake ciki. An rufe layi ne don a toshe masu kai wa 'yan daji labari, kuma kalmar "infoma" in ta manne wa mutum a kwanakin nan, ba kotu ake kai shi ba. Ga yaro ɗan Burkusuma, ya je Sakkwato ya dawo da akwati mai fitilu na ƙyaftawa, ya ja wayoyi a ɗaki. Ni ban ma san maganar ta zaga ba sai da mahaifiyata ta tare ni da dare ta ce, "Mi kake yi gidan Malam? Ka hwaɗa man gaskiya."

Washegari da la'asar muna tsakiyar darasi sai ga mai unguwa da mutum biyu. Malam ya fita ya tarbe su, ni kuwa ƙafafuna sun yi sanyi. Mai unguwa ya zauna a bencin yara ya ce, "Yaro, an ce kuna da sabis cikin ɗakin ga."

Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, wallahi babu shi. Amma kada a ɗauki maganata, a diba."

Na miƙa wa ɗaya daga cikinsu wayata ya ga babu sanda ko ɗaya. Na ce ya kama kowace igiya da hannunsa ya bi ta. Ya bi, tun daga bayan kwamfuta har jikin suwic, sau 11, sannan ta 12 ta kai shi laftof ɗina. Babu wadda ta fita taga, babu wadda ta hau rufi. Ya leƙa bayan ɗaki ya dawo. Na buɗe cikin Dell ɗaya na nuna musu gurbin had-dis fayau. Sannan na ce wa yaran kowa ya ci gaba da abin da yake yi, na zare igiyar laftof ɗin. Cikin ɗan lokaci duk wanda ya taɓa wani abu sai sikirin ɗinsa ya daskare, yara suka fara "Malam ta tsaya, Malam ta tsaya." Na mayar, suka ci gaba.

Mai unguwa ya daɗe yana kallon laftof ɗin. Can ya ce, "To wagga ita ce uwar, waɗanga ɗiyanta. Nono sukai sha." Ya miƙe ya ce da Malam a ci gaba, amma a daina cewa netwok. Daga ranar muka koma cewa "igiya". Har yau tsofaffin ɗaliban wurin in mun haɗu sai su ce, Oga, ya igiya? Kafin sati ya zagayo, ɗaya daga cikin mutum biyun nan ya kawo ƙanwarsa a rubuta ta.

Ga wanda zai gwada yau, abubuwa sun yi sauƙi fiye da lokacin. In burinka ka saka wa kwamfutoci da yawa Windows ne ba tare da yawo da filash ba, akwai iVentoy da ya fito a 2023, daga mai Ventoy ɗin nan da kuka sani. Ka zuba fayilolin ISO a babban fayil ɗinsa, ka buɗe shi ta burauza, ka danna maɓallin farawa, sauran kwamfutocin su ga jerin su zaɓa. Amma in girkawa za ka yi, dole kwamfutar ta kasance da had-dis ɗin da za a girka a ciki. In babu ma'ajiyar gaba ɗaya irin namu, LTSP ce hanyar. Masu tambaya ko za a iya da hotspot na waya kuma, a'a. Tsofaffin kwamfutocin nan ba su san Wi-Fi ba a lokacin da suke sallamar farko, kebul kawai suka sani. Amfanin wayarka a nan shi ne sauke kayan da ɗaukar hoton duk rubutun da ya fito, don lambar da ke gaban PXE ita ke gaya maka inda ciwon yake: E61 kebul, E51 an yi sallama ba a amsa ba, E53 an amsa amma ba a faɗi fayil ɗin da za a ɗauka ba, E32 an je gidan ruwa an tarar da ƙofa a rufe, galibi katangar tsaro ta uwar ce ta tare.

Da aka dawo da sabis, aiki ya dawo shago, na je na karɓi laftof ɗina. Malam ya samu kwamfutar tebur mai ɗan ƙarfi muka mayar da SSD ɗin cikinta, ta zama sabuwar uwa. Ban yi sati biyu ba ya aiko yaro da gudu wai komai ya lalace, wasu na tashi, wasu na tsayawa rabin hanya. Na je na duba kebul lafiya, batir lafiya. Sai na hango wani farin abu a kan taga, da igiyarsa ta zo ta shiga suwic. Malam ya sayo rawta mai cin layi don yara su samu intanet na gaske, ya soka bai gaya wa kowa ba. Ita ma rawtar mai unguwa ce a karan kanta, tana raba nata adireshin. Baƙo ya yi sallama, mutum biyu su amsa, kowa ya nuna masa gida daban. Gyaran shi ne a bar wa rawtar rabon adireshi, a ba uwar adireshi tsayayye cikin jerin na rawtar, sannan a sake umarnin farko a haka:

sudo ltsp dnsmasq --proxy-dhcp=1 --real-dhcp=0

Da wannan uwar ta daina ba da masauki, sai dai ta tsaya a gefe ta ce wa baƙo ga inda ruwa yake. Na kunna uku na farko suka tashi, na kunna sauran. Malam na tsaye a bayana da rawtar tasa a hannu, don ya riga ya zare ta saboda tsoro. Na ce, "Malam, mayar da ita, yanzu sun san juna." Ya mayar, ya ce in rubuta masa layin nan a bango kusa da suwic da alli, na rubuta.